Ina so in haɗa ƙaramar bindigata ta farko don gasar harbi, ta ina zan fara zaɓen kaya?

Ɗan Funtuwa a Houston ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ya aiki, ya iyali, ya kuma sanyi ga waɗanda ke jihohin arewa.

Ni mazaunin Houston ne, ina da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, aikin jinya nake yi, galibi kwanan dare. Wani abokin aikina ɗan Filifin ne ya ja ni wani filin harbi da ke bayan gari, inda ake gasar USPSA, wata ƙungiyar gasar harbi ta Amurka, ranakun Asabar. Na je da niyyar kallo, na dawo abin ya shiga raina. Har yanzu da bindigar haya nake harbi, wani lokaci kuma ya ara mini tasa. Kuɗin hayar ya fara isata, roƙon aron kuma ya fara ba ni kunya.

Na tara dala 1,500. Abin da nake so shi ne in haɗa tawa da hannuna, irin mai ɗura wa kanta harsashi amma ja ɗaya harbi ɗaya, mai cin 9mm. Ba don yawo da ita a ƙugu ba, don gasa kawai. Ga abin da na riga na zuba a kwandon saye a intanet, ban dai biya ba tukuna. Firam, wato gangar da ake riƙewa, na wani kamfani mai kwaikwayon Glock 19 Gen3, wato zuriya ta uku ta wannan samfurin bindiga. Silaid, wato ɓangaren sama da ke zamewa baya da gaba a kowane harbi, na wani kamfanin daban, wanda aka fafe masa tagogi a gefe don ya rage nauyi, kuma an yanka masa gurbin madubin saiti. Bututu ruwan zinare mai zare a baki, shi ma na wani kamfanin. Kunama miƙaƙƙiya wadda suka ce nauyin janta fam 3 ne. Sifirin mai mayar da silaid mai fam 13, don na ga wani a YouTube ya ce yana rage tsalle. Sai madubin jan ɗigo Holosun 507C. Da na haɗa lissafi, kuɗin ya tafi kusan duka, saura abin da bai fi na kwali biyu na harsashi ba.

To a daren jiya kuma sai na ga wata bindiga samfurin 1911 da wani dattijo ya zo da ita fili, na riƙe ta, na ja kunamarta a bushe, wallahi sai na ji duk abin da ke kwandona ya fita daga raina. Yanzu na rasa tudun dafawa.

Tambayoyina ga waɗanda suka riga ni. Shin waɗannan kayan za su zauna da juna kuwa, tunda kowanne an rubuta masa Gen3? In bi Glock ko in bi 1911? Wane kaya ne ya cancanci a kashe masa kuɗi, wanne ne ado kawai? Sannan firam ɗin, har ƙofar gida za a kawo mini shi kamar sauran, ko akwai wata hanya? Maiɗakina ba ta hana ba, amma ta ce sai na gaya mata inda za a ajiye ta, don muna da yaro ɗan shekara huɗu wanda ba ya barin durowa a rufe.

Allah Ya ba da ladan amsa.

Baba Sajan ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi aikin soja a ƙasar nan har na yi ritaya, yanzu ina zaune a Killeen, ba nisa da kai sosai. Zan gaya maka abin da ba ka so ka ji: kwashe kayan nan daga kwando.

Ba don haɗa bindiga laifi ne ba. Dokar Texas ba ta hana ka ba. Amma kai ba ka taɓa mallakar bindiga ba, ba ka san yadda lafiyayya take ji a hannu ba bayan harbi dubu, to in wadda ka haɗa ta fara tari, da me za ka gwada ta? Ka sayo firam a wajen Audu, silaid a wajen Tanko, bututu a wajen Bala. Kowannensu ya rubuta Gen3, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai kowane kamfani yana da ɗan rarar awo da ya yarda wa kansa, wannan ya ɗara da kaurin gashi, wancan ya gaza da kaurin gashi. Kowanne shi kaɗai daidai yake. In suka haɗu wuri ɗaya, rarar nan ce take taruwa, sai ka ga bindiga ta ƙi rufewa sarai, ko ta ƙi tofar da kwanso. Ka kira mai silaid ya ce laifin bututu ne, ka kira mai bututu ya ce laifin firam ne. Babu wanda zai karɓe ta ya gyara maka, don babu wanda ya sayar maka da bindiga, gutsattsari suka sayar maka. Kamar wanda ya shiga Panteka ne ya tsinto inji nan, giya can, ya ce zai haɗa motar da zai koyi tuƙi da ita.

Na ga irin wannan da idona a wata gasa a nan kusa da mu. Wani yaro ya zo da bindiga kyakkyawa, ruwan zinare sai ƙyalli take. Ƙararrawa ta buga, ya zaro, harbi uku, sai kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar silaid. Ya bugi gindin magazin, wato gidan harsashi, ya ja silaid, harbi biyu, ya sake maƙalewa. Agogo na tafiya, gumi na zuba, kunnuwansa sun yi ja. Da aka tashi muka kai ta teburin duba bindiga, wani tsoho maƙerin bindiga ya kwance madubin, sai ga shi sukurun ɓangaren dama ya yi tsawo, ya nutsa har ya danne sandar da ke tura ƙugiyar fizgo kwanso. Sukuru ɗaya, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Yaron ya yi wata yana zargin harsashi.

Batun 1911 kuwa, na fahimce ka. John Browning ne ya zana ta, sojan Amurka suka karɓe ta a 1911, suka riƙe ta har tsakiyar shekarun 1980 kafin Beretta ta maye gurbinta. Kunamarta ba ta da na biyu, don miƙe take komawa baya, ba lilo take yi ba. Amma ita ce mafi munin zaɓi ga mai haɗin farko. Kayan 1911 masu kyau da gangan ake ƙera su da ɗan ƙari, don maƙeri ya zauna da magagari ya daidaita kowanne da ɗan'uwansa. Wurin da kunama ke sakin guduma, in aka ci shi fiye da kima, bindiga tana iya tashi ba a taɓa ta ba. Wannan aikin wanda ya koya ne a hannun malami, ba aikin teburin kicin bayan an taso daga kwanan dare ba. In kana son 1911, ka sayi haɗaɗɗiya daga kamfani nan gaba.

Shawarata ita ce ka sayi bindigar kamfani sukutum, Glock 17 ko 34 mai gurbin madubi tun daga masana'anta. Ba za ta cinye maka kuɗinka duka ba. Sauran ka sa a harsashi, kube mai kyau wanda ya rufe kunama ruf, ɗamara, magazin huɗu ko biyar na asali, abin toshe kunne, tabarau, da kwas na kwana ɗaya a wajen malamin harbi. Ka harba ta yadda ta zo har sai kai da kanka ka iya faɗin abin da ke damunka a jikinta. Ran da ka ce "wannan abin ne yake hana ni", ran nan ka canja shi, shi kaɗai. Haka ake haɗa bindiga, a hankali, a kan wadda take aiki.

Kunamar fam 3 kuma ka manta da ita. Ta kamfani wajen fam 5 da rabi take, kuma a cikin Glock akwai matakan tsaro uku da duk suka rataya a kan tafiyar kunamar nan: ɗan harshen da ke jikinta, abin da ke tare allurar bugu, da wanda ke hana ta tashi in ta faɗi ƙasa. Wasu kunamun kasuwa suna rage tafiyar farko don a ji daɗin ja, garin haka sai su ɗage abin da ke tare allurar tun ba a taɓa su ba. Daga waje ba za ka gani ba. Kai da za ka koyi zarowa daga kube da gudu, ga mutane tsaye a bayanka, ba wurin gwaji ba ne.

Bamaradi a Greensboro ya amsa:

Sannu Ɗan Funtuwa. Baba Sajan, Allah Ya ƙara girma, na yarda da kashi mafi yawa na maganarka, amma ka ɗan tsorata yaron da yawa. Ni ma haɗa tawa na yi, kuma tana aiki lafiya. Abin da ya sa take aiki shi ne abin da nake so in faɗa.

Kafin komai, ƙanena, ka zaɓi rukunin da za ka shiga a gasar, sannan ka zaɓi kaya. Kai ka yi akasin haka. USPSA tana da rukuni-rukuni, kowanne da dokarsa. Tunda jan ɗigo kake so, Carry Optics ne ko Limited Optics. Carry Optics yana da jerin bindigogin da aka amince da su, kuma ba a yarda da abin rage tsalle a bakin bututu ba, ko huda bututun. Tsawon magazin ma an ƙayyade shi, milimita 141.25. In ka zo da haɗin da bai shiga dokar rukuninka ba, sai a tura ka rukunin Open, ka tsinci kanka kana gasa da masu bindigar da kuɗinta ya ninka naka sau uku ko huɗu. Littafin dokokin yana shafinsu kyauta, kuma suna sabunta shi, don haka ka karanta na bana, kada ka dogara da bidiyon shekara uku da suka wuce. In IDPA, wata ƙungiyar gasar harbin daban, ce za ka shiga wata rana, ita kuma akwati gare ta da dole bindiga ta shige ciki.

Na biyu, me ya kai ka Glock 19? Gajera ce, ta fi dacewa da masu ɓoye ta a jiki. Bututunta inci 4 ne da ɗan kai, magazin ɗinta na cin 15. Kai da ka ce gasa kawai, 17 ta fi maka: mariƙi ya fi tsawo, hannu ya samu wurin zama duka, tana cin 17. Ita 34 firam ɗinsu ɗaya da 17, silaid da bututu ne suka fi tsawo, inci 5.3. Da saitin ƙarfe tsawon nan yana taimakawa, amma da jan ɗigo bambancin ba shi da yawa, sai dai nauyin gaba. Ka yi hayar duka biyun rana ɗaya ka ji wadda ta fi kwanta maka.

Batun Gen3 da kake gani ko'ina, dalilinsa shi ne wa'adin haƙƙin mallakar zanen ya ƙare, kowa ya samu damar kwaikwaya. Shi ya sa PSA Dagger da Ruger RXM da irin su duk a kan tsarin Gen3 suke. Amma ka kula, zuriyar Glock ba sa musayar kaya yadda mutane ke zato. Gen3 ta fito a 1998, Gen4 a 2010, Gen5 a 2017. Sifirin Gen4 mai hawa biyu ne, na Gen3 guda ɗaya, ramin da suke zama a gaban silaid ma ba ɗaya ba ne. Kayan kunamar Gen5 kuwa nasu daban ne. Ka tsaya a zuriya ɗaya, ka rubuta ta a takarda ka manna a jikin kwamfutarka, don da ƙarfe biyun dare in ka ga ragin farashi za ka manta.

Yadda na yi ni: firam na asali, da duk ƙananan kayan cikinsa na asali. Silaid da bututu na saye su tare daga kamfani ɗaya, don su ne biyun da suke kullewa da juna a kowane harbi, kuma in sun ƙi jituwa mutum ɗaya zan kira. Kayan cikin silaid, allura da sifirinta da ƙugiyar fizgo kwanso, duk na asali na sa. Waɗannan ƙananan ba su da tsada, kuma a nan ne masu kwaikwayo suka fi yin arha da inganci. Da na gama ban kai ta fili ba sai da maƙerin bindiga ya duba ta, ya gwada matakan tsaron ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin da ya karɓa bai kai na cin abincin mutum biyu a gidan abinci mai kyau ba.

Yanzu bari in bi kwandonka. Bututu ruwan zinare ado ne, ba ya ƙara saiti ko kaɗan. Bututun kamfani ya fi ƙarfin hannunka da nawa a nisan da ake harbi a gasa. Dalili ɗaya da na sani na canja shi shi ne in za ka riƙa harba harsashin dalma tsirara wanda ba a lulluɓe da tagulla ba, don irin zanen cikin bututun Glock na da yana tara dalma. Kai kuwa na kwali za ka riƙa saye. Zaren baki kuma ba ka da abin ɗaurawa a kai, sai dai ya ja maka matsala a doka in ka ƙaura wata jihar. Tagogin silaid, ƙura da yashi ne za su samu ƙofa, kuma filayen Texas ba su rasa ko ɗaya ba.

Sifirin fam 13 shi ne ya fi ba ni tsoro bayan kunamar. A cikin irin wannan bindiga sifiri biyu ne suke ja-in-ja: na mayar da silaid yana tura shi gaba, na allura yana jansa baya lokacin da kake matsa kunama. In ka raunana na farkon da yawa, na biyun yana iya ɗan buɗe silaid kafin harbi. Sai mutum ya ce bari in rage na allurar ma, sai allura ta daina bugu da ƙarfi, ka ja ka ji ƙas, ka fitar da harsashi ka ga ɗan tabo a gindinsa bai tashi ba. Ka ga an gyara abu ɗaya an ɓata biyu. Na asali a Glock 17 Gen3 fam 17 ne. Ka bar shi.

Inda zan ce ka saki hannu shi ne madubi. 507C ba laifi, gindinsa irin na Trijicon RMR ne, don haka dole gurbin silaid ɗinka ya zama na RMR, ko ka samu farantin da ya dace. Akwai gindin RMSc, akwai na DeltaPoint Pro, ba sa hawa gurbin juna. Ka sayi ɗan maɗaurin sukuru mai auna ƙarfi, ka bi adadin da kamfanin ya rubuta, ka ɗiga shuɗin gam na sukuru, ba ja ba. Sannan ka ja layi da farin alƙalami daga kan sukurun zuwa jikin madubin, in ya fara kwancewa ido zai nuna maka kafin saiti ya gudu. In idonka yana da matsalar da ke sa ka ga fitilun mota da dare suna watsuwa, ka leƙa madubin a shago kafin ka biya, don wasu suna ganin ɗigon kamar tauraro mai wutsiya.

Harsashi kuma akwai lissafi. Ana ninka nauyinsa a ma'aunin giren da gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1,000, dole ya kai 125. Mai giren 124 da ke gudun ƙafa 1,050 ya ba ka 130, ka haye. Yawancin na kwali, 115 ko 124 ko 147, suna wucewa. Ni 147 na fi so, turinsa a hannu ya fi laushi, amma ya fi tsada, kuma a shekarar farko yawan harbi ya fi maka irin harsashi amfani.

Hajiya Maman Biyu ta amsa:

Malamai kun yi ta maganar sifiri da sukuru, ba wanda ya amsa masa tambayarsa ta ƙarshe, ba kuma wanda ya amsa tambayar matarsa. Ni a Maryland nake, ina aiki a ofishin lauyoyin shige da fice. Ba lauya ba ce ni, amma takardun da ke wucewa ta hannuna sun isa su sa in yi magana.

Ƙanena, a dokar tarayya firam shi ne bindiga. Silaid da bututu da madubi ana iya kawo maka su gida, amma firam yana ɗauke da lamba, kuma sai ta hannun dila mai lasisin FFL, wato lasisin tarayya na sayar da bindiga, a jiharka. Can za a aika shi, ka je da kanka da katin shaida, ka cike fom 4473, a bincika sunanka a NICS, tsarin gwamnati na tantance masu sayen bindiga, sannan a miƙa maka. Sai ka kai shekara 21. Mai girin kad yana da wannan dama, za ka rubuta lambarka ta baƙo a fom ɗin. Amma wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki, asalin dokar ta hana shi riƙe bindiga da harsashi sai in ya shiga cikin 'yan keɓantattun da doka ta lissafa. Na faɗi wannan ne saboda ɗalibanmu da ke karanta zancen nan, kada wani ya ga abokinsa ya saya ya ce shi ma bari ya taɓa.

Ka karanta kowace tambaya a fom ɗin nan da natsuwa. Ƙarya a cikinsa babban laifi ne na tarayya. Sayen bindiga da sunanka don wani, ko ɗan uwanku ɗaya ne, shi ma haka. Kuma ga abin da ya bambanta ka da abokinka in shi ɗan ƙasa ne: laifin da ya shafi bindiga yana cikin abubuwan da ake kore mai girin kad a kansu. Shi zai biya tara ko ya yi zamansa ya fito ya koma gida. Kai gidan da za a mayar da kai Funtuwa ne.

Saboda haka duk wani firam da aka ce maka ba shi da lamba, ko "ka ƙarasa shi da kanka", ka yi nesa da shi. Tun 2022 hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi ta sa irin waɗannan kayan a ƙarƙashin dokar bindiga, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 2025. Jihohi da dama ma sun haramta su ɗungurungum. Sannan kada ka ɗauka dokar Texas ce dokar Amurka. Aikin jinya yana yawo da mutum. A nan Maryland sai kana da lasisin sayen ƙaramar bindiga na jiha, kuma ba a sayar da magazin mai cin fiye da 10. A New York da California, bututu mai zare a kan irin wannan bindigar kaɗai ya isa ya jefa ta cikin haramtattu.

Yanzu maganar uwargida, wadda ita ce ta fi kowa hankali a gidanku. Ka cire kuɗin akwatin ƙarfe mai kulle daga cikin dala 1,500 ɗin nan tun kafin ka sayi ko sukuru ɗaya, irin wanda ake ɗaurewa da bango ko ƙasa. Bindiga a ciki ba harsashi, harsashi a wani wurin daban shi ma a kulle. A Texas laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Saman kabad ba ɓuya ba ne, ɗan shekara huɗu ya san amfanin kujera. Kuma kai ma'aikacin lafiya ne, ka san dalma. In ka dawo daga fili ka wanke hannu da fuska, ka canja riga kafin ka ɗauki yaron, takalmin filin kuma ya kwana a gareji.

Ɗan Rigasa ya amsa:

Ikon Allah, ku kuna can kuna zaɓen launin bututu. Mu nan Kaduna kun san halin da ake ciki a hanyoyinmu. Yallaɓai, tunda an ce silaid da bututu ba su ne bindiga ba a dokarku, ba za a iya saƙo wa mutum su a cikin kaya in wani zai zo gida ba? Tambaya ce kawai.

Hajiya Maman Biyu ta amsa:

Ɗan Rigasa, Allah Ya kawo mana ƙarshen abin da ke faruwa a gida, duk muna da 'yan'uwa a kan hanyoyin nan. Amma amsar ita ce a'a, kuma kada wanda ya sake ya gwada. Cewa ba su ne bindiga ba, wannan a wajen saye ne a cikin Amurka. Fitar da su waje kuwa sai da lasisin gwamnatin tarayya, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma da ke zaman kurkuku a nan saboda kayan bindiga da aka samu a cikin motoci da gangunan da suka yi lodi zuwa gida. A ɓangaren Najeriya kuma, dokar makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin jerin haramtattu, waɗanda ba mai ba da izininsu sai shugaban ƙasa. Wanda ya saƙo da wanda ya karɓa duk sun shiga uku. A bar wannan zancen a nan don Allah.

Ɗan Funtuwa a Houston ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti Hajiya, na nuna wa maiɗakina amsarki, ta ce a gaishe ki da kyau, kuma ta riga ta zaɓi akwatin da kanta.

Na kwashe kwandon, madubin kaɗai na bari. Ranar Laraba ba ni da aiki, zan je in yi hayar 17 da 34 in harba su a jere kamar yadda Yaya Bamaradi ya ce. Baba Sajan, na ji maganar kunama da sifiri, ba zan taɓa su ba. Amma ina da ƙorafi ɗaya: hannuna yana gumi sosai, kuma duk Glock ɗin da na yi haya tana zame mini bayan magazin na biyu. Wannan ma in jira, ko in kai a yi wa mariƙin zane irin wanda ake ƙonawa da ƙarfe mai zafi? Sannan kwas ɗin da ka ce, kafin in fara gasa zan yi shi ko bayan na ɗan saba?

Baba Sajan ya amsa:

Kada ka ƙona komai tukuna. Zanen nan ba ya gogewa, yana karya darajar bindiga in za ka sayar, kuma a jikin firam ake yinsa, wato ɓangaren da ke ɗauke da lambarka. Akwai takarda mai kaushi da ake yankawa daidai mariƙin kowace bindiga, a manna, in ba ta yi maka ba ka ɓare. Ka haɗa da ruwan alli irin na masu hawan dutse, ka shafa a tafin hannu kafin a kira sunanka. Ka duba dokar rukuninka a kan inda aka yarda takardar ta kai.

Kwas kuwa kafin gasa. A USPSA in bakin bindigarka ya wuce layin da ake kira 180, wato ya fara juyowa wajen mutane, ko aka ga yatsanka a cikin gidan kunama kana canja magazin ko kana gudu ba harbi kake ba, a take za a sallame ka daga gasar ranar, ba a sauraron uzuri. Gara malami ya gyara maka waɗannan tun ba su zama ɗabi'a ba. Ka fara da Steel Challenge in akwai kusa da kai, a tsaye ake yin yawancinta, faranti biyar ne na ƙarfe, babu guje-guje. In ka karɓo bindigar ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ina saukowa Houston wajen jikokina lokaci-lokaci, sai mu je filin tare in ga riƙonka.